Ranar Biya

A gwanjon littattafai na bakin Taminus na tsince shi,
ba bango, gara ta ci rabin shafin farko.
Mai kayan ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa.
Labari ne daga Ostareliya,
zamanin da Turawa suka yi dafifi can suna tonon zinariya.
Wata mata a cikin tanti,
mijinta a cikin rami.

Dare uku ina karanta shi a Gangare,
ruwan Agusta na dukan kwano,
har na zo inda take ƙirga cokulanta
ta tarar ya sayar da biyu ya sayo diga.
Nan na kife littafin.
Na san matar nan.
A hannunta aka yaye ni.

Lantana sunanta, kakata,
ba ta taɓa ganin teku ba.
Da ƙafarta ta biyo Shekarau daga Kazaure,
ba wanda ya sa ta, son sa take yi.
Ya ce shekara ɗaya tak, a tara kuɗin shanun huɗa a koma.
Talatin da huɗu suka yi a barikin kuza
bayan Bukuru, ɗaki na bakwai a layin lebura.

Ba ya duka. Ta sha faɗa mini wannan
kamar mai rage bashi.
Ba ya zagi, ba ya kai dare a waje sai ranar biya.
Abin dai shi ne, in ya shigo da magariba,
jar laka har gira,
idonsa na can ƙasa inda bai gama tonawa ba.
Ta ajiye tuwo, ya ci.
Ta ce yaron nan yau ya taka,
ya ce heluma ya ce gobe za a buɗe sabon rami.

Ranar biya akawu kan ɗora kuza a sikeli,
sikeli kuwa ya san ubangidansa.
Sule tara. Kanti ya cire huɗu,
karta ta ci uku a gindin mangwaro,
biyu su iso gida suna sunkuyar da kai.
Ita kuwa tun asuba tana bakin kaskon ƙosai,
tana ƙulle ahu da taro a bakin zane.
Yana barci ta kwance ta ƙirga.
Tana barci ya kwance ya ƙirga.

Matar littafin, a babin ƙarshe,
marubucin ya ji tausayinta:
rami ya rufta da mijin,
wani mai farin doki ya iso, hularsa a hannu.
Na yi dariya har maƙwabciya ta buga bango.
Namu ramin bai rufta ba.
Kamfani ne ya naɗe tabarmarsa ya tafi,
ya bar Shekarau da tari da diga marar ƙota,
ya bar Lantana da Shekarau.

Shekara goma sha ɗaya tana dafa masa citta da kanumfari,
tana juya shi a kan gado,
magana ba ta wuce sannu.
Na taɓa tambayarta, ina 'yar sakandare mai rawar kai,
"Iya, wai kin so shi kuwa har ƙarshe?"
Ta ci gaba da tsince acca.
Can ta ce, "Kuza ya zo aure, ni rakiya na yi."
Sannan ta ce in miƙo mata faifai.

Jiya na hau mota zuwa Bukuru.
Layin lebura ya zama gonar kabeji.
Ramin ya cika da ruwa, kore shar, ba motsi,
samari na wanke babur a bakinsa,
an kafa allo: kada a yi wanka, akwai zurfi.
Na zo da littafin ne in jefa shi ciki,
ban san dalili ba.
Sai na zauna kan tudun jar ƙasa
da watakila shi ya tara ta kwano-kwano,
na buɗe shafin cokulan,
na karanta wa ruwan da ƙarfi, da Turanci,
sannan na maimaita da Hausa
don Iya ta ji.